Zobban da Suka Ƙi Tsayawa a Ɗakin Goro

Rana ta riga ta yi ja ta bayan rufin gidajen unguwar Larlé lokacin da Shifa ta baro babbar kasuwar Rood Woko a kan babur ɗinta. Sayayyar ba ta taka kara ta karya ba: turaku biyu na katako da wani kafinta ya fiƙe mata, da 'yar guduma, da yankin robar tiyub. Ta zuba su a kwandon gaba, suna ta ƙwaram-ƙwaram duk inda ta faɗa rami. Zafin bazara bai sauka ba tukuna. Hanyar unguwarsu Zongo ta cika da hayaƙin babura da ƙamshin kifin da ake soyawa a bakin titi, ita kuwa ba ta ganin kowa. Burinta ɗaya ne, ta isa gida kafin ladan ya kira magariba.

Shifa ɗalibar kimiyyar haske ce a jami'a, kuma shekararta ta ƙarshe ke nan. Aikin da za ta kare a gaban malamai, abin da su a can suke kira sutunans, ya rataya ne kacokan a kan wata 'yar na'ura da faranti ɗaya na ƙarfe ya ɗauke. Fitilar leza tana tofa jan haske siriri kamar zare. Wani gilashi ya raba zaren biyu, kowanne ya bi hanyarsa, ya bugi madubi ya dawo, su sake haɗuwa su faɗa kan bango. Inda suka jitu sai haske, inda suka saɓa sai duhu. Abin da ido zai gani shi ne zobba, ja da baƙi, ja da baƙi, wani a cikin wani kamar saƙar faifai. Da waɗannan zobba ake awon abin da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Amma fa sai sun tsaya cik. Idan hanya ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta da abin da ko ƙwayar ƙura bai kai ba, zobban za su kama tafiya, ko su yi ta ɓullowa daga tsakiya, ko tsakiyar ta yi ta haɗiye su.

Na Shifa sun ƙi tsayawa.

Farfesanta bai ɓoye mata ba. Ya ce in ranar sutunans ta zo zobban suna rawa, to ta jira baɗi, na'urar kuma za a miƙa wa Mannir, abokin karatunta ɗan unguwar Dapoya, wanda shi ma aikinsa ita yake jira. A labo kuwa, wato ɗakin gwaji na jami'a, babu zaman lafiya, wannan ya buga ƙofa, wancan ya kunna fanka, kafin la'asar mai gadi ya zo da makulli. Shi ya sa ta roƙi izini ta kawo na'urar gida, wurin Gwaggo Iyatu, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta tun tana ƙarama. A bayan gidan akwai ɗakin goro, wanda kakanta Alhaji Baƙo ya gina da jar ƙasa mai kauri don huhunan goronsa su sha sanyi. Babu taga. Tun rasuwarsa ba a ajiye komai a ciki sai tsofaffin tabarmi. Ga duhu, ga sanyi, ga shiru. Ranar da Shifa ta buɗe shi har tsalle ta yi.

Ta bi dalilan ɗaya bayan ɗaya, yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Ta fara da ƙasa. Injin niƙan makwabta, da turamen mata, da kowane babur da ya wuce lungu, duk ta ƙasa suke shigowa su girgiza madubai. Ta hura tsohon tiyub na mota rabi da rabi, ta ɗora akwatin yashi a kai, ta ɗora farantin a kan yashin. Sannan ta lura da wani abu: a duk tsawon yini, lokaci ɗaya ne Zongo ke yin tsit, wato magariba, sa'ad da mai injin ya kashe ya tafi masallaci, aka jingine taɓare, aka faka babura. Sai ta mai da wannan ɗan tsakanin lokacin aikinta. Wutar unguwa tana hawa tana sauka, hasken lezar yana tsalle tare da ita, sai ta koma batirin mota. Ta koyi kunna fitilar tun da la'asar don ta gama ɗumama, ƙarfe ya gama miƙewa. Ta ɗan karkatar da madubi ɗaya don kada hasken ya koma cikin bakin lezar ya rikita ta. Ta gane ɗumin jikinta da hucin bakinta ma sun isa su sauya iskar da ke kan hanya ɗaya, sai ta kifa kwali a kan na'urar ta liƙe gefunan, ta bar 'yar ƙofa ɗaya da zobban za su fita zuwa bango, ita kuma ta koma can nesa ta zauna.

Duk da haka, da ladan ya fara kira, sai zobban su kwashi gudu, kamar an wuce ta gefensu da sauri. Su yi ta gudu har a sallame salla.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Wanda ta fara zargi Mannir ne. Shi ya taya ta ɗauko kayan, shi yake zuwa ba a kira shi ba ya ce bari ya ƙara ɗaure mata kusoshin madubi, kuma shi ne zai ci riba in ta faɗi. Ta ɗiga jan farce a kan kowace kusa don ta gani ko ana taɓawa. Ɗigon bai fashe ba. Wannan bai wanke shi a wurinta ba, ta ce mai wayo ne kawai.

Sai wata magariba ta kunna turaren tsinke ta kafa a ƙasa, don ta ga ko iska na yawo a ɗakin. Hayaƙin yana tashi sama sak, har aka fara kira. Nan take ya kwanta. Ya bi ƙasa, ya miƙe kamar igiya, daga bangon gabas zuwa na yamma. Ta janye tabarmin da ke jingine, sai ga kafa a gindin kowanne daga bangayen biyu, faɗin dunƙulen hannu, suna kallon juna, bakinsu ya yi sumul kamar bakin rijiya.

Iska ce ashe. Ta yi dariya ita kaɗai, ta cusa tsummoki.

Da safe ta tarar da tsummokin a bakin ƙofa, an ninke su tsaf. Ta sake cusawa, ta kulle ɗakin ta tafi da makullin. Ta sake tarar da su a ninke.

Zargi ya koma kan Gwaggo Iyatu. Ita dama tun gobarar babbar kasuwa da ta cinye mata rumfar atamfa, ba ta ƙaunar ganin waya da batir a cikin gida, kuma ba tun yau take mita a kan jan hasken nan ba. Da Shifa ta tunkare ta, tsohuwar ba ta ɗaga kai daga geron da take wankewa ba.

"Ni ban cire ba," ta ce. "Amma da na gani, da na cire."

Ta ba ta labari a gajarce, kamar mai tsoron kada maganar ta yi tsawo a bakinta. Wai lokacin da Alhaji yake ginin, bangon gabas da na yamma sun yi ta zubewa a wuri guda, har wani malami ya ce masa a kan hanya ya yi gini, hanyar kuma ta girmi gidan, ta girmi Zongo. Ya ce a bar wa masu hanyar mashiga da mafita, kowa ya yi harkarsa. Haka 'ya'yansa suka tarar, haka suka bari. Su wane ne masu hanyar, Gwaggo ta ce ba ta tambaya ba, kuma ba ta son sani.

Shifa ta ce a ranta, goro yana son iska, shi ne kawai dalilin kafofin, sauran kuwa dabarar tsofaffi ce don a kore ta daga ɗakin. Tsumma ana zare shi da yatsa biyu ta waje. Turke kuwa, in ta naɗe shi da roba ta buga da guduma daga ciki, sai ta ga mai zarewa.

Yau kuwa, da ta shawo kwanar lungunsu da turakun, abin da ta fara gani babur ɗin Mannir ne a ƙofar gida.

Ta tarar da su a tsakar gida, shi a kan benci da kofin zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, a hannu, Gwaggo a kan kujera 'yar tsugune da butar alwala. Kawunansu a haɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Tana yin sallama suka yi shiru lokaci guda.

"Ku ci gaba mana," in ji Shifa. "Ko ni ce miyar?"

"Ke kuwa Madam Leza, ko gishiri ba ki kai ba," Mannir ya ce yana murmushi. Idonsa ya sauka kan kwandon. "Me za ki ɗaure da turaku? Akuya kika saya?"

"Bakin masu gulma."

Ya ajiye kofin. Ya ce Gwaggo ta faɗa masa zancen kafofin, kuma shi a ganinsa ba sai an toshe ba, tunda ga kwali, a ƙara wani kwalin a kai, ko a mai da aikin bayan sallar asuba. Ya ce zai zo ya taya ta. Shifa ta dube shi sama da ƙasa. Da asuba matan unguwa ke fara daka, ya sani sarai. Wato ya sami abokiyar shawara ke nan, ɗaya na son ɗaki, ɗaya na son na'ura.

"Na gode, Injiniya. Baɗi in na'urar ta zo hannunka, ka yi da asuba."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce, "Haka kike ganina?" Ta juya ta kwashi turakunta. Ya miƙe, ya yi wa Gwaggo sai da safe, ya ce zai tsaya masallacin lungu ya yi salla kafin ya wuce.

Gwaggo ta zuba ruwa a tafin hannu. "'Yar nan, almuru ce, kuma fashin salla kike yi. Ki bari ko zuwa gobe."

"Gwaggo, gobe ma almuru za ta yi."

Ta shige ɗakin goro, ta tura ƙyauren, ta zura sakata, ta shimfiɗa tsohon bargo a gindin ƙofar don ko ta nan iska kada ta sami wuri.

Lezar tana kunne tun la'asar. Zobban suna kan bangon kudu, faɗinsu ya kai na babban faifai, suna ɗan lilo a hankali. Ɗakin yana warin tsohuwar ƙasa da robar tiyub. Can waje injin niƙa ya yi tari ya mutu. Wani babur ya wuce, shi ne na ƙarshe. Lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

Ta fara da kafar yamma. Ta naɗe turken da roba, ta saka, ta buga. Ta ƙara bugawa har sai da gudumar ta dawo mata. Ta ja da hannu biyu, ko gezau. Ta ratsa ɗakin a sunkuye zuwa gabas.

Ladan ya kai tsakiyar kira. Tana durƙushe tana naɗa roba a turke na biyu, sai wani ɗumi ya shafi idon sawunta, ya wuce. Kamar kyanwa ta goga jikinta. Ta duba, babu komai. Ta ce iskar waje ce, ai ta fi ta ɗaki zafi. Ta saka turken ta buga, ta buga, ta ajiye gudumar a nan.

Ta koma kusurwarta ta zauna, ta saita wayarta.

Zobban suka rage lilo. Suka rage. Suka tsaya.

Cik. Kamar da alƙalami aka zana su. Kowane ja da iyakarsa, kowane baƙi da iyakarsa. Ba ta taɓa ganinsu haka ba, ko a littafi. Hawaye ya cika mata ido. Ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka, tana cewa a ranta, to ina masu hanyar? Gobe Farfesa zai gani, Mannir zai gani.

Ladan ya rufe kira. Zongo ta yi tsit.

Sai zobe ɗaya ya ɓullo daga tsakiya. Wani ya biyo shi, wani ya biyo. Suka dakata. Sannan tsakiyar ta haɗiye su, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Suka sake fitowa. Suka sake komawa.

Wannan ba gudun da ta saba gani ba ne. Girgizar ƙasa karkarwa take sa su. Zafin ƙarfe gefe ɗaya yake jansu, ba ya dawowa. Wutar da ba ta zauna ba tsalle take sa su yi. Abu ɗaya ta sani da ke fita ya dawo, ya fita ya dawo, a kan ƙa'ida.

Numfashinta ne, ta ce. Kwalin ya ɓalle a wani wuri.

Ta toshe hanci da baki da tafin hannu. Ta riƙe.

Zobban suka fito. Suka koma.

Ta riƙe har ƙirjinta ya fara zafi. Suka fito. Suka koma. Ba su ma san da ita ba.

Mannir. Ya zagayo ta baya, ya sami wata kafar da ba ta gani ba, yana hura wani abu. Ta buɗe baki za ta kira sunansa, sai ta ji muryar liman ta lasifika yana tada kabbara, ta tuna inda ya ce za shi.

Warin ɗakin ya sauya. Ɗanyen ganye, irin wanda ake naɗe goro da shi, jiƙaƙƙe. A ƙarƙashinsa wari na gumin dabba da ta yi doguwar tafiya.

Ƙwas.

Daga gabas ne. Ana taɓa turken ta waje.

Ƙwas. Ƙwas.

Ba bugun mai fushi ba ne. Bugun mai jira ne, wanda ya san akwai wasu a bayansa. Can nesa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa, wata 'yar ƙararrawa ta yi motsi ta yi shiru.

Waɗannan suna waje. To wane ne yake numfashi a ciki?

Ta tuna ɗumin da ya shafi ƙafarta. Ta tuna wace kafa ta fara toshewa.

Ashe da mafita ta fara. Sannan ta rufe mashiga.

Ta ɗaga ido ga bangon kudu. Babu zobba a kai.

Ba mutuwa lezar ta yi ba. Zobban suna nan, amma a tsakiyar ɗaki suke, a kan iska, tsakanin kwalin da bango. Sun ƙanƙance, sun dawo kamar murfin kwano. Shifa ta san dalili, don ita ta auna: hasken buɗewa yake yi yana tafiya, duk abin da ya tare shi kusa, ƙananan zobba zai samu. Akwai abin da ya tare shi.

Zobban sun lanƙwashe, kamar a jikin tulu. Abin da suka faɗa a kai yana da layi-layi irin na haƙarƙari. Yana ɗagawa. Yana sauka.

Babu kai a sama. Babu ƙafa a ƙasa. Inda jan hasken ya taɓa, nan kaɗai ake gani.

Zobban suka ƙara ƙanƙancewa. Kamar bakin kofi.

Yana matsowa.

Ƙofa tana bayansa. Guduma tana gabas, ita ma sai an wuce shi.

"Ina hanya?"

Raɗa ce. Ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Busasshiya, kamar ana jan tabarma a kan yashi. Ba ta fito daga tsakiyar ɗakin ba, a gefen kunnenta ta ji ta.

Ta nemi addu'a. Wadda take karantawa kullum tun tana 'yar allo. Farkonta ya zo, tsakiyar ta ɓace.

Ta rarrafa. Bayanta a jikin bango, gwiwa da tafin hannu, ta bi gefe zuwa yamma. Yatsunta suka sami turken. Ta ja. Robar da ta naɗa da kyau ta riƙe da kyau. Ta murɗa. Farcenta ya ɓalle, ba ta ji zafi ba.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga gabas. Yanzu hannu ya fi ɗaya.

Iskar ɗakin ta yi nauyi. Kunnuwanta suka toshe. Ta ji kwalin na'urar yana lotsawa, yana ƙara.

"An yi nisa da ni," raɗar ta ce. "Ina hanya?"

"Ina buɗewa," Shifa ta ce, muryarta ba ta fi ta sauro ba. "Don Allah. Ina buɗewa."

Ɗumi ya sauka a bayan wuyanta. Ya ɗauke. Ya sake sauka.

Ta sa haƙori a katakon.

Sai bangon ya amsa da wani irin bugu daga waje, mai nauyi, har ƙasa ta zubo mata a ka. Ta ji muryar Gwaggo, ba da ƙarfi ba, tana cewa, "Ƙasa kaɗan, ɗan nan. Da bismilla." Aka sake bugawa. Taɓarya ce.

"Shifa, janye fuskarki!" Muryar Mannir.

Ba ta janye da wuri ba. Turken ya fello ciki ya bugi kafaɗarta, kafar ta buɗe, ɗan hasken almuru ya shigo, ita kuma da ta daɗe ba ta shaƙi iska ba ta kafa bakinta a wurin ta ja numfashi iya ƙarfinta.

Daidai lokacin abin ya wuce.

Ta kan kafaɗarta ya bi, ta gefen kumatunta, ta gaban bakinta da ke buɗe. Zafi kamar hucin tukunya. Ɗanɗanon goro mai ɗaci ya cika mata harshe har maƙogwaro. Ta ji Mannir ya yi salati a waje, ta ji taɓarya ta faɗi.

Daga nan ba ta san komai ba, sai farkawa ta yi a tsakar gida, kanta a cinyar Gwaggo, an ɓalle ƙyauren ɗakin goro. Gwaggo da kanta ta zagaya ta fitar da turken gabas, tana ba da haƙuri ƙasa-ƙasa kamar mai magana da surukai. Mannir yana tsugune nesa kaɗan, ba takalmi. Ya ce yana cikin sahu Gwaggo ta aika a fizgo shi. Shifa ta tuna zargin da ta yi masa, ta rufe ido.

Malam Shafi'i na masallacin lungu ya zo ya yi mata tofi, ya ba da rubutu ta sha na 'yan kwanaki. Ya ce da sauƙi, matafiya ne, ba mazauna ba. Zazzaɓin da ya kama ta ya sauka, farcen ya fara tsirowa. Ɗacin goron ne kawai bai bar harshenta ba, ko me ta ci. Hotunan da ta ɗauka sun fito tsaf. Mannir ya kwashe na'urar ya mayar jami'a, da akwatin yashin da tiyub ɗin da sabon kwali, ita kuwa ba ta ƙara kusantarta ba har ranar sutunans.

Ranar, shi ya riga ta zuwa ya haɗa komai a zauren. Tana tsaye a baranda cikin sabon ɗinki tana jiran a kira ta, ta hango bangon ta ƙofa. Zobban suna tsaye cik. Duk dabarunta sun yi aiki. Farfesa yana nuna wa sauran malaman biyu yana gyaɗa kai.

Aka kira sunanta. Ta shiga.

Zobe ɗaya ya ɓullo daga tsakiya. Wani ya biyo shi. Suka dakata, suka koma.

Farfesa ya ce a rufe ƙofa, iska ce. Aka rufe. Wata malama ta ce a duba ko fanka na juyawa. Ba ta juyawa. Shifa tana tsaye nesa da teburin, nesa ƙwarai, kwalin kuma a liƙe. A hankali, yadda ba wanda zai lura, ta rufe bakinta ta riƙe numfashi.

Suka fito. Suka koma.

Mutum ɗaya ne a zauren ba bango yake kallo ba. Mannir ya dubi ƙirjinta da ba ya motsi, ya dubi zobban, ya sunkuyar da kai.

Shifa ta nemi alfarma. Ta ce ɗumin jikin mai awo yana cikin abubuwan da ta rubuta, don haka tana so ta yi bayani daga waje, Mannir ya riƙa juya kusar. Malaman suka yi dariya, suka ce wannan ita ce ɗaliba mai tsantseni. Ta buɗe ƙofa, ta taka baranda. Zobban suka tsaya kamar an zana.

Daga nan ta yi bayaninta, ta amsa duk abin da aka tambaya, muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ci, da yabo. Da za a tashi, Farfesa ya rufe takardunsa ya ce saura tambaya ɗaya, ba ta maki ba: a cikin abubuwan da ke hana zobba tsayawa, akwai wanda ta gano amma ba ta samo masa magani ba?

Shifa ta dubi dokin ƙofar da ke tsakanin ƙafafunta da zauren.

"Babu, Farfesa."

Ya ce to ta shigo a yi hoto a gaban na'urarta, tunda daga yau teburin nata ne in tana son ci gaba. Ta ce a ba Mannir, shi yake jira. Aka yi ta kiranta, ana ta yafito ta da hannu, ita kuwa tana murmushi daga baranda, har mai hoton ya gaji ya fito ya same ta a waje.